Ba Na Ba Ɗan Sanda Haya

Ranar da dillali ya kai mu ganin gidan, tun a bakin ƙofa ya ja mijina gefe ya rage murya. Ni kuwa kunnena ba ya hutu, na ji komai.

"Sharaɗin tsohon guda ɗaya ne," in ji shi. "Ba ruwansa da yawan yara, ba ruwansa da baƙinku. Amma ya ce ba ya ba ɗan sanda haya, ko da wa za a haɗa shi."

Mijina ya buɗe baki zai yi magana, na take masa ƙafa. Na riga na leƙa ciki na ga abin da na gani: ɗaki biyu da falo a saman bene, taga mai shan iska, famfo yana zuba, makarantar 'yarmu kuma tana bayan layi, ko titi ba za ta tsallaka ba. Gidan da muka baro, in ana ruwan sama sai mun jera robobi a kan gado. Wanda ya taɓa kwana da roba a gefen kansa ba ya wasa da rufi mai kyau.

"Ma'aikaci ne," na ce wa dillalin.

Kuma ban yi ƙarya ba. Mutumin da yake tsayawa a tsakiyar mararraba tun safe yana ba motoci hannu, rana tana dukansa, hayaƙi yana shiga masa hanci, wa zai ce ba ma'aikaci ba ne?

Haka muka tare, muka shiga zaman ɓoyo. Kullum da safe mijina yakan fita da riga da wando na gida, kakinsa a ninke cikin jaka, sai ya isa caji ofis ya sauya. Wankin kakin kuwa ni na san wahalarsa. Sauran matan gidan suna shanya a igiyar tsakar gida, ni ina shanya nawa a banɗaki, in kunna masa fanka kamar wani baƙo mai daraja. Hula tana ƙarƙashin katifa, usur yana cikin gwangwanin madara. A cikin ɗaki ina ce masa Kofur, da ya taka matattakala ya zama Dogo, sunan da maƙwabta suka laƙaba masa.

Abin yana ci masa rai. "Ni da aikina kama masu ɓoye-ɓoye," yakan ce, "ga shi na zama shugabansu."

"Shugaba mai kwana a busasshen gado," nakan ce. "Ci abincinka."

Mai gidan, wanda kowa ke kira Baba mai bene, tsoho ne mai ƙarancin magana. In ka gaishe shi ya amsa, in ka ƙara da tambayar jiki ya ɗaga maka hannu, zance ya ƙare. Ni dai na yanke hukunci a raina cewa wani ɗan sanda ne ya taɓa cutarsa, yana riƙe da abin. Ina tsoronsa, kuma ina jin haushinsa, don ban ga dalilin da laifin wani zai shafi mijina ba.

Wata rana da azahar ina guga waya ta yi ƙara. Sajan ɗin su mijina ne. "Ki kwantar da hankalinki," in ji shi, kuma duk matar ɗan sanda ta san in an fara da wannan to babu hankalin da zai kwanta. "Yana asibiti. Yana magana, har faɗa yake yi da nas. Ki zo."

Ban san yadda na sauko ba. A ƙasan bene na tarar da Anti Tela, wadda shagon ɗinkinta yake bakin ƙofa, tana tsaye da mayafi a kafaɗa. Mai shagon kayan masarufi kuma ya riga ya tayar da motarsa, ƙofar baya a buɗe.

"Shiga mu tafi," in ji Anti Tela. "Yarinya kuma kada ki damu, Maman 'yan biyu za ta ɗauko ta daga makaranta."

A lokacin ko kaɗan bai zo mini a rai in tambayi wa ya gaya musu ba. Addu'a kawai nake yi.

Na same shi a kan gado, kafaɗar dama a naɗe, goshi da filasta, rabin fuska a kumbure. Da ya gan ni sai ya yi ƙoƙarin murmushi, abin ya fito a karkace. Na riƙe hannunsa mai lafiya na yi kuka son raina. Likita ya ce karaya ce a kafaɗa da haƙarƙari, zai warke, amma da motar ta matso da taƙi ɗaya da labarin ya sha bamban.

Wata nas ce ta nuna mini abin da ya faru, a wayarta, don wani ya ɗauka ya watsa. Tifa ce maƙare da yashi birkinta ya tsinke a gangaren da ke saukowa mararrabar. Direban yana ta danna hon, hannu a waje yana kaɗawa, ga mutane cike da wurin tsallakawa. Kowa ya gudu gefe, mijina ya ruga tsakiya. Yana busa usur, yana ture mutane baya da hannu biyu kamar mai korar kaji daga shanya. Hanya ta buɗe, sai wata mai sayar da lemu da farantinta ya kife ta sunkuya tana tsince. Ya koma ya sunkuce ta ya jefa gefe, gefen tifar ya maka masa a kafaɗa ya wurga shi cikin kwata. Motar ta je ta daki wata katanga ta tsaya. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Na kalla har ƙarshe, alfahari kamar ya fasa ni. Sai kuma na lura da wani abu. Hularsa ta faɗi tun farko, kuma mai ɗaukar ya matso da wayar har kan fuskarsa lokacin da ake ciro shi. Dogo ne sak, cikin kaki, babu ko tantama.

"Kofur," na ce a hankali, "ko hular ba ka iya riƙewa ba?"

"Ki yi haƙuri," in ji shi. "Wani karon zan roƙi tifar ta jira ni in gyara ta."

Kwanakin da muka yi a asibitin ban taɓa ganin irinsu ba. Mai lemu ta zo da mijinta da surukarta, ta durƙusa tana kuka, kuma kullum sai ta dawo da lemu har ɗakin ya koma ƙamshinsa, masu jinyar gadajen maƙwabta ma suka gaji da sha. Direbobin tasi da na bas, waɗanda kullum yake dawowa gida yana ba ni labarin rashin kunyarsu, suka riƙa shigowa rukuni-rukuni. Wani ƙato a cikinsu ya tsaya a ƙarshen gado yana murza makullin mota.

"Ranka ya daɗe, ni ne na zage ka ranar nan da ka tsayar da ni."

"Wanne daga ciki?" in ji mijina. "Kuna da yawa."

Aka kwashe da dariya har nas ta leƙo ta ce a tausaya wa haƙarƙarinsa. Ƙaton ya ce ƙanwarsa tana cikin waɗanda aka ture daga gaban motar, da goyo a bayanta. Daga nan ya juya ya fita.

Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina wanke kakin nan, ban taɓa jin wanda ya ce masa sannu ba sai yanzu. Amma duk lokacin da ɗakin ya yi shiru sai tunanin gida ya dawo mini. Bidiyon da ya shiga wayar nas ya shiga wayar kowa, kuma Baba mai bene yana da jikoki masu waya. Har na fara lissafin inda zan samo kwalaye, da yadda zan gaya wa 'yarmu za ta sake barin ƙawayenta.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne," in ji mijina. "In mun koma ni zan je in same shi da kaina."

"Ba ƙarya na yi ba, taƙaitawa na yi."

Ranar da aka sallame shi mai shago ya zo ya ɗauke mu. Muna shiga layin na hango ƙofar gidan cike da mutane, na ce shi ke nan, an fito mana da kaya. Ashe mutanen gidan ne gaba ɗaya, manya da yara, sun jeru tun daga bakin ƙofa har kan matattakala. Da mijina ya fito, hannu a rataye, sai suka ɗauki tafi. Mai askin layin ya ƙame ya sara masa da hannun hagu.

"Sannu da zuwa, Kofur," in ji Anti Tela.

Na dube ta. "Anti, ku yi haƙuri, a bidiyo kuka gani ko?"

"Wane bidiyo? 'Yar nan, tun watan da kuka tare kika kawo mini wandonsa in rage ƙugu, kika ce na wurin aiki ne. Ni da na tsufa a kan keke, ban san yadin kaki ba? Shi ya sa ranar nan da aka ce tifa ta buge wani dogon ɗan sanda a mararraba, muka san naki ne."

"Ni a aski na gane," in ji mai aski. "Babu mai neman irin wannan askin don ra'ayin kansa."

"Man takalmi baƙi," in ji mai shago. "Babu mai saye kamar ku. Na ce ko dai sha kuke yi."

Maman 'yan biyu, wadda ɗakinta yake manne da namu, ta ce ita fankar banɗaki ce ta dame ta, har ta tambayi 'yarmu. Yarinya ta ce ai kakin Baba ne yake shan iska, amma sirri ne.

Kunya ta rufe ni, dariya kuma ta ƙi tsayawa. Ashe duk wannan wahalar ni kaɗai nake ɓuya, kowa yana kallona yana taya ni rufe bakinsa. Suka ce sun haɗa baki ne kada maganar ta kai kunnen tsoho, don ba sa son mu tashi.

Ana cikin haka ƙofar ɗakin da ke ƙarƙashin matattakala ta buɗe, Baba mai bene ya fito da sandarsa.

"Kai da matarka, ku shigo," in ji shi.

Muka shiga muka zauna a ƙasa, ya nuna wa mijina kujera da sanda, ya ce mai karaya ba ya zaman ƙasa. Na riga mijina magana, don ni na ƙulla abin.

"Baba, laifina ne. Shi ya so ya faɗa, ni na hana shi. In za ka tashe mu, don Allah ka bari yarinya ta gama zangon nan."

Tsohon ya daɗe yana kallon kafaɗar mijina. "Ke kina ganin ban sani ba?" in ji shi. "Kan matattakalar nan yake bi, ni ina ƙarƙashinta. Ɗan sanda ko silifa ya sa, takunsa ba ya ɓuya. Tun makon farko na sani."

"To Baba, me ya sa ba ka…"

"Ɗana ɗan sanda ne," in ji shi. "A ɗakin da kuke ciki yake. Kullum ina nan ina jin fitarsa, ina jin dawowarsa. Wata rana aka kira su wurin 'yan fashi, na ji fitarsa, ban ji dawowarsa ba." Ya gyara riƙon sandarsa. "Mutane suna cewa na tsani 'yan sanda, na bar su su faɗa. Ni jiran ne ba na iyawa. Na ce ba zan ƙara zama ina sauraron takun wani ba. Sai ga ki kin kawo mini wannan dogon, tun da kuka zo ban runtsa ba sai na ji ya hau."

Hawaye suka zubo mini. Duk haushin da na tara wa tsohon nan ya narke, na ji kamar in kama ƙafarsa.

"Ranar nan ban ji ya hau ba," in ji shi. "Jikata ta nuna mini abin a waya. Na ce ta rufe, sannan na ce ta sake buɗewa." Ya dubi mijina. "Ka yi aikin maza, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Mijina ya sunkuyar da kai. "Baba, in zamanmu yana tayar maka da ciwo, za mu nemi wani wuri."

"Ka tafi ina? In ka tashi ma jiran zan ci gaba da yi, ga shi babu matattakalar da za ta gaya mini ka dawo. Ku zauna. Amma na sauya sharaɗi. Kunnena ya fara nauyi, na gaji da kasa shi. Duk lokacin da ka taso daga aiki, ka ƙwanƙwasa ƙofar nan ka ce mini ka dawo."

Da muka fito mutane suna nan cirko-cirko. Anti Tela ta dubi fuskata ta rangaɗa guɗa, yara suka kama tsalle ba su ma san dalili ba.

Bayan ya warke ya koma mararrabarsa. Ranar farko tun la'asar na kasa zama, na share falon da na riga na share, na dawo bakin taga. Can wajen magariba na ji an ƙwanƙwasa ƙofa a ƙasa.

"Baba, na dawo."

"To, madalla," in ji tsohon, da ƙarfi irin na mai nauyin kunne, har gidan duka ya ji. "Hau maza, ba ni kaɗai nake jira ba."