Masara a Gindin Kanya

A jiharmu ta Missouri ranar goma sha biyar ga Satumba ake buɗe farautar barewa da talo-talon daji da kwari da baka. Yayana Verlin Tackett yakan fara shiri tun watan Yuli, amma bara ya fara da wuri fiye da kullum, domin likita ya sa masa ranar aikin zuciya, goma sha tara ga watan na Satumba. Za a tsaga masa ƙashin ƙirji. Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce mutum mai shekara tamanin da ɗaya, in aka tsaga shi aka ɗinke, ba zai sake jan baka irin nasa ba. Saboda haka 'yan kwanakin da ke tsakanin buɗe farauta da zuwa asibiti su ne kaɗai suka rage masa.

Bakan nan shi ya sassaƙa shi da hannunsa, daga itacen bodak mai rawayar zuciya da ya saro a shingen gonar mahaifinmu, ya shanya shi shekaru a rufin rumbu. Gashin da ke gindin kibansa na talo-talon da ya harbo ne. Kowace yamma yakan tsaya a bayan gida yana harbin damin ciyawa har sai numfashinsa ya ƙi. Tufafin farautarsa kuwa suna cikin buhu tare da busasshen ganye, ba ya yarda sabulu mai ƙamshi ya kusance su.

Da yake ƙafarsa ba ta kai shi nesa yanzu, sai ya yi maɓoyarsa da rassa a ƙasa, cikin kwarin da ke gangaren gidansa, kusa da wata tsohuwar kanya da takan riga sauran nuna. Duk daminar nan yana lura da wani tsohon namijin barewa mai karyayyen reshen ƙaho a hagu, wanda ya laƙaba wa suna Alƙali saboda tafiyar ƙasaita da yake yi. Ya san inda yake kwana, ya san hanyar da yake bi in iska ta kaɗa daga kudu. Ni Hollis, ƙanensa, aikina a wannan shiri shi ne ɗaukar kujera da gorar ruwa. Tarihi na koyar a makarantar sakandare har na yi ritaya, ban taɓa iya harbi ba.

Ana gobe buɗewa, da hantsi, muka gangara domin ya datse wani reshe da ke tare masa hanyar kibiya. Tun kafin mu isa muka ji fuka-fuki, garken talo-talo ya tashi daga gindin kanyar. Na yi murna, na ce alama ce mai kyau. Verlin kuwa bai bi su da kallo ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Daga gindin itacen har bakin maɓoyar ƙasa ta yi rawaya da masara, ga sawun tayar mota a cikin ciyawa.

"Hollis," in ji shi, "gaya mini idona ne ya lalace."

"Idonka lafiya lau, Yaya. Masara ce."

Duk mafaraucin jiharmu ya san doka. Wurin da aka zuba wa dabba hatsi ya haramta ga mai farauta, kuma haramcin ba ya tashi sai bayan kwana goma da kwashe ƙwayar ƙarshe. Na ga leɓunansa suna motsi yana lissafi. Ko a ranar aka share wurin tas, kafin ya halatta yana kwance a gadon asibiti.

Muka hau gida a hankali, yana tsayawa yana dafa ƙirji. 'Yarsa Lorna ta zo daga Texas da mijinta Royce domin jinyar da za a yi. Muka tarar da Royce a baranda da kofin gahawa, yana murmushi tun daga nesa.

"Baba, kun gano ke nan! Ai so na yi ya zama ba-zata. Jiya da kuka tafi awon jini na zaga da a-kori-kura na zuba muku buhu uku. Gobe ko makaho aka zaunar a wurin sai ya samu nama."

"Wa ya aike ka?" in ji Verlin.

"Babu kowa, Baba. Gani na yi kuna wahala."

"Na ce wa ya aike ka cikin kwarina?"

Murmushin ya ɗauke. "A wurinmu haka kowa yake yi. Har injin gare mu mai watsa masara da kansa safe da yamma."

"To a wurinku kiwo kuke yi, sai ku sa hular mafarauta ku je ku yanka. Ka ga na yi kama da mai kiwon kaji?"

A nan na kasa riƙe bakina. Na ce wa Royce, "Kai yaro, ka san dalilin dokar da ka taka? A shekarar 1925 barewar da ta rage a duk jihar nan ba ta fi ɗari huɗu ba. Talo-talo kuwa, kakanninmu ne suka kusa ƙarar da shi, kuma da masara suka yi. Su ja layi a ƙasa su zuba hatsi, tsuntsaye su jera kawuna, harbi ɗaya ya kwashe rabin garke, a loda a kai kasuwa. Sai da aka rufe farautarsa ɗungurungum fiye da shekara ashirin, ba a sake buɗewa ba sai 1960. Wannan dattijon da kake kira Baba ya zama saurayi kafin ya taɓa jin kukan talo-talo a dajin ubansa. Kai kuma ka zo da buhu uku."

"Malam, tashi ajin haka," in ji Verlin. "Ba jarrabawa zai rubuta ba."

Lorna ta fito da tawul ɗin kicin a hannu, ta riga ta ji komai ta taga. "Baffa, don Allah ka sassauta masa, da kyakkyawar niyya ya yi. Baba, a kwashe yanzu mana. Filinka ne, kanyarka ce. Jami'in namun daji ko sau ɗaya a shekara ba ya leƙa kwarin nan."

"Ni kuwa kullum ina leƙa shi," in ji Verlin. "Shekara sittin ina yi wa masu zuba masara tofin Allah tsine a shagon aski. Sai a barewata ta ƙarshe zan shiga sahunsu?"

"To a nema maka wani wuri."

"Wane wuri? Kan tudun maƙwabcinmu Arlo? Ki ɗauke ni a goye? Ko kin ɗauka barewa motar haya ce, a tsaya ko'ina a tare ta? Wata biyu na yi ina koyon hanyar dabba ɗaya."

Royce ya yi gyaran murya. "Baba, in kun warke sai in saya muku irin bakan nan mai kunama, wanda ake ɗanawa kamar bindiga. Ba ya buƙatar ƙarfin ƙirji, kuma doka ta yarda da shi."

Verlin ya dube shi daga hula har takalmi. "Lorna, ɗauke mijinki daga gabana kafin zuciyata ta buga in rage wa likita aiki."

Da rana na kira asibitin da kaina na roƙi a ɗaga ranar da mako ɗaya. Aka ce an riga an ɗaga sau ɗaya, zuciyar ba za ta jira ba. Lorna ta ce ko sun yarda ita ba za ta yarda ba, kuma a wannan ban ga laifinta ba. Royce ya wuni a kwarin da shebur da manjagara, daga baya ya koma tsinta da hannu a durƙushe. Verlin ya ce ko ƙwaya ɗaya kada ta rage, domin maɓoyar maƙwabcinmu Arlo tana bayan shinge, bai kamata shi ma a ɓata masa shekara ba.

Ranar buɗewa da la'asar Verlin ya sa tufafinsa na cikin buhu. Ya sauko da bakan daga ƙusa, ya shafa shi, ya mayar ba tare da ya ɗaura tsirkiya ba. Sa'an nan ya ce wa Royce, "Taso. Ka wanke wannan turaren da ke jikinka da ruwa zalla. Za ka zauna kusa da ni, in ka yi tari sai na karya maka wuya."

Mu uku muka matsu a maɓoyar da aka yi domin mutum ɗaya, babu makami a hannun kowa. Iska tana kaɗawa daga kudu. Rana ta kusa taɓa tudu sai ga Alƙali ya fito ta hanyar da Verlin ya faɗa tun watan Agusta, yana taku yana tsayawa. Ya ratsa ta kan ƙasar da aka kankare, ko sunkuyawa bai yi ba. Ya wuce kai tsaye inda 'ya'yan kanya suka zubo, ya juya mana haƙarƙarinsa, a daidai tazarar da ke tsakanin bayan gida da damin ciyawar nan. Na ga hannun hagun yayana ya ɗaga shi kaɗai, yatsu uku na dama sun lanƙwashe a kan tsirkiyar da babu ita. Ya daɗe a haka. Dabbar ta ci ta ƙoshi, ta kaɗa wutsiya ta koma.

"Ka gani?" in ji Verlin. "Kanya ya zo ci. Da ma zai zo. Ba ya buƙatar komai daga gare ka, ni ma haka."

Royce ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Verlin ya ce, "Riƙe abinka. Ɗauko kujerar."

An yi aikin, ya tashi lafiya, kuma maganar likita ta tabbata. Na gan shi sau ɗaya a bayan gida ya gwada jan bakan, bai kai rabi ba ya sassauta, ya tsaya yana haki. Bai san ina kallo ba. Alƙali kuwa, a tsakiyar Nuwamba da aka buɗe farautar bindiga, wani baƙo daga birni ya harbe shi a hayin rafi. Arlo ne ya ga karyayyen ƙahon a bayan mota ya zo ya faɗa mana.

A bikin godiya da ake yi duk shekara a ƙarshen watan, wanda a al'adarmu ake cin talo-talo, karo na farko tun rasuwar mahaifinmu, talo-talon kanti aka gasa a gidan, fari fat, babu ɗanɗanon daji ko kaɗan. Lorna ta yi ƙoƙari, ta cika tebur. Verlin ya yi addu'a a taƙaice, ya amsa gaisuwar surukinsa, har ya tambaye shi lafiyar hanya. Ni ban amsa ba, kuma har yau ban amsa ba. Lorna ta ce na fi mai abin zafi. Wataƙila haka ne, amma ni na zauna kusa da hannun nan lokacin da ya ɗaga babu baka.

Ana cikin ci Royce ya ɗauki kwanon dafaffiyar masara da man shanu, ya miƙa wa Verlin da hannu biyu. Verlin ya dubi kwanon, ya dubi mai miƙowa.

"Kai wa barewa," in ji shi. "Yanzu babu wanda zai hana ka."