Karramawa a Kamfanin Katifa

Sai da yayana ya mutu kamfanin katifa ya gano cewa yana ƙaunarsa.

Can baya, lokacin da yake yi musu lodi, yana saɓa katifu a kafaɗa yana jefawa cikin mota, Dogo kawai suke ce masa, kuma manaja da bakinsa ya kore shi saboda makara. Ranar ya dawo gida da rigar aiki a hannu, ya ce wa Inna, "Shi ke nan, soja zan shiga." Ya kuwa shiga. Aka tura su fagen daga, kuma abin da ya dawo mana daga can akwati ne da tuta, sai labari a rediyo cewa wani soja ya tsare gada har 'yan'uwansa suka tsallake.

Da labarin ya bazu, sai ga katin gayyata mai ruwan zinare: kamfani zai karrama "ɗansa". Inna ta jujjuya katin, ta ce, "Ashe tare da su muka haife shi."

Muka je. A saman bene aka yi taron. An rataya wani ƙaton ƙyalle a bango, hoton katifa ya cinye kusan duka, hoton yayana kuma yana can gefe kamar tambarin wasiƙa. A ƙasa an rubuta cewa an yi rangwame na mako guda don tunawa da jarumi.

Manaja ya miƙe, ya gyara kwat, ya jira mai hoto ya saita kyamara, sannan ya fara hawaye.

"Tun ranar da na fara ganin yaron nan na san ba ƙaramin mutum ba ne. Da ya ce zai tafi soja, har roƙonsa na yi ya zauna."

Inna ta matso kusa da kunnena. "Ke, wannan ba shi ne ya sa maigadi ya raka shi bakin ƙofa ba?"

"Shi ne, Inna. Wai roƙon ke nan."

Bayan an yaye mayafin wani allo da aka rubuta sunan marigayin a kai, mai gabatarwa ya kira wani kofur da yayana ya ceta, ya zo ya yi jawabi. Shiru. Ya sake kira. Sai maigadi ya leƙo daga ƙofa.

"Ranka ya daɗe, yana ƙasa tun ɗazu. A keken guragu yake, ba hanyar hawa."

Manaja ya dubi agogo. "To, a tafa masa daga nan."

Aka tafa kuwa, sosai ma. Inna ta ɗauki jakarta ta miƙe, na bi ta.

Mun same shi a wurin lodi, tsakanin tarin katifu cikin leda. Kakinsa ya sha guga, ƙafafun wandon an naɗe su an maƙale da fil daidai gwiwa. Masu lodi sun zagaye shi. Wani dattijo cikinsu ya ce mana sun so su ɗauke shi su haura, aka ce kayan aikinsu za su ɓata hoto.

Inna ta jawo benci ta zauna gabansa. "Ɗana, ni ce mahaifiyar Dogo. Jawabin da ka zo da shi, yi mini."

Ya dubi hularsa a cinya.

"Inna, ni ba jawabi gare ni ba. Bam ne ya tashi da motarmu a bakin gada. Da na farfaɗo ban ga ƙafafuna ba. Kowa na gudu, sai na ji an sure ni an saɓa a kafaɗa. Yana gudu yana mita, wai Kofur, don Allah ka rage ci."

Masu lodi suka yi dariya. Dattijon ya ce, "Wallahi shi ne. Haka yake yi wa katifa faɗa."

"Ya ajiye ni a ɗaya gefen, ya ɗaure mini cinyoyi da bel ɗinsa. Akwai sauran mutanenmu a kan gadar, kuma babu kowa a kan babbar bindiga. Na riƙe masa riga, ya fizge."

"Bai ji tsoro ba?" in ji Inna.

"Ya ji. Amma ya koma."

"Ya sha wahala?"

"Ban gani ba, Inna, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Na dai riƙa jin bindigarsa har aka yi nisa da mu. Daga baya na daina ji."

Inna ta kama hannunsa ta riƙe. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Muna haka sai ga manaja ya sauko, mai hoto a bayansa, an biyo su da katifa ɗaure da jan ƙyalle, kyautar kamfani ga iyalan jarumi.

"Yawwa, ga su nan! Kofur, ɗan miƙe mu yi hoto."

Manaja ya kalli wandon, ya yi tarin da babu shi, ya ce ai a zaunen ma ya fi kyau. Kofur ya sara masa, irin sarawar da ake yi wa janar, har sai da manajan ya rasa inda zai sa hannunsa.

Masu lodi ne suka ɗaga Kofur suka sa shi a tasi, suka ɗaure kekensa da katifar a sama. Inna ta ce gidanmu zai ci abincin rana, ba ta kuma nemi shawararsa ba. A hanya ya ba mu labarin munsharin yayana, wanda ya ce har abokan gaba sun san shi. Inna ta yi dariya har tana share ido.

Da yamma muka yage ledar katifar. Gefe guda a ƙone yake, da alama irin wadda aka ware ce ba za ta sayu ba. Inna ta shafa wurin ƙunar, ta ce in juya shi ta jikin bango.

"Allah ya yi musu albarka," in ji ta. "Sun yi iya ƙoƙarinsu."