Baƙon Namiji a Tankin Delbert

Curtis ya riga ya zura 'yar ragarsa cikin ruwan, yana bin jan kifin daga lungu zuwa lungu, sai ya tsaya ya waiwayo.

"Dakata tukuna, Madam. Yaushe kika ce namijin kifin na gida ya mutu?"

"Ban ce ba," in ji Glenda. "Kama mini shi kawai, sauri nake yi."

"Jiya? Makon jiya?"

"Tun kafin ƙanƙara ta narke."

Curtis ya zare ragar ya rataye ta a bakin tanki. Ya daɗe yana sayar da kifin ado a Toledo, kuma rabin abin da ya sani a bakin mijin matar nan ya ji shi. Delbert Nowak ya yi ritaya daga masana'antar gilashi, ya kwashe sauran ƙarfinsa ya zuba a tankin ruwan gishiri guda ɗaya da ya cinye bangon falonsa. Duwatsun murjani ne a ciki, da garken antiyas, 'yan kifayen nan da ba su fi tsawon yatsa ba: mata masu launin lemo, da namiji ɗaya ja mai doguwar ƙaya a gadon baya.

"To ai kina da namiji a gida," in ji Curtis. "Haka halittarsu take. In namijin ya mutu, babbar macen ce take rikiɗewa ta zama namiji. Ba ki ga wata ta fara duhu ba?"

"Na ga wata ta yi wani iri. Na ɗauka ciwo ne."

"Mulki ne ba ciwo ba. In kika jefa mata wannan, kashe shi za ta yi."

"Yau za ta kashe shi?"

"Wataƙila gobe. Wataƙila jibi."

"To ni yau kaɗai nake buƙata. Kama shi."

Tun farkon sanyi ɓarin jikin Delbert ya shanye, aka kai shi gidan jinya. Da farko ya dage da motsa jiki, daga baya ya watsar. Yanzu ko abinci sai an yi masa magiya. Likita ta gaya wa Glenda gaskiya: in bai dawo da sha'awar tashi ba, a nan gadon zai ƙare. Ta ba da shawara a kai shi gida na yini ɗaya, ya ga abin da yake so, ko zuciyarsa ta motsa. Kuma duk ziyarar da Glenda ta je, tambayarsa ɗaya ce, da bakinsa da ya karkace: "Ya Shugaba?" Sunan da ya raɗa wa jan kifin ke nan. Ita kuma ta ce lafiya lau, sai cin abinci. Ƙarya irin wannan ba ta da nauyi ranar da aka fara ta. Sai ranar da mai ita zai zo gani da idonsa.

Curtis ya ɗaure leda ya miƙa mata. "Ki bar ledar ta yi iyo a saman ruwan tukuna. Kuma ki gaishe mini da tsohon mai taurin kan nan. Ki ce har yanzu ban sami wanda zai zage ni a kan gishiri ba."

Da ta isa gida, ta yi yadda ya ce. Ta kwance ledar, baƙon ya sulale cikin ruwan, ja jawur, kyakkyawa, har ta ji ƙwalla ta taru mata. Matan suka watse. Sai ga babbar macen nan ta fito daga bayan dutse a hankali. Yanzu da aka faɗa mata, Glenda ta gani sarai: launin lemon ya koma ja-ja, ƙayar baya ta fara tsawo. Ta zagaya baƙon sau ɗaya, ta koma. Glenda ta ce a ranta ƙila Curtis ya cika baki.

Ta je ta ɗora miyar kabeji da tsiran alade, wadda Delbert ya fi so. Ta janye kujerarta daga gaban tanki, ta turo tasa daga ɗakin ajiya, ta share ƙurar. Da ta sake leƙawa, baƙon yana can sama a kusurwa, kusa da bututun ruwa, jelarsa a yage.

Motar gidan jinya ta iso bayan tsakar rana. Direba ya turo Delbert a keken guragu har falo, ya ce zai dawo da yamma. Delbert ya rame, rigar da ta saya masa bara tana lilo a kafaɗunsa. Bai kalli labule ba, bai kalli abinci ba.

"Matsar da ni," ya ce.

Ta tura shi gaban gilashin. Shuɗin hasken ya sauka a fuskarsa, kuma a karon farko tun sanyi ta ga idonsa na yawo da kansa. Ya duba murjanin ɗaya bayan ɗaya.

"Kin bar gansakuka ta ci wancan."

"Sannu da zuwa ma ba za ka bari in yi maka ba?"

"Ruwan dai da kyau," ya ce. "Ban yi zato ba."

"Ai ba kai kaɗai Allah ya ba hannu ba, tsoho."

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Sai idonsa ya hau sama, kusurwa.

"Ga Shugabanka can," ta yi saurin cewa. "Yau dai ba ya jin daɗi."

Delbert ya daɗe yana kallo. A gabansu waccan ta taso kamar an harba ta, ta doki baƙon a ciki, ta kama bakinsa ta jijjiga, ta sake shi. Ɓawon jikinsa ya yi ta saukowa yana ƙyalli.

"Wannan na Curtis ne," in ji Delbert. "Shugaba yana da tabo a kumatu."

Ya mayar da idonsa kan babbar macen.

"Waccan kuma Doris ce. Dubi ƙayarta. Wannan ba aikin mako ɗaya ba ne." Ya dubi Glenda. "Shugaba ya daɗe da mutuwa ke nan."

"Na ba su abinci yadda ka ce, Del. Safe, rana, yamma, har a coci na daina tsayawa gaisawa saboda su. Na tashi kawai na gan shi a mace a ƙasan tanki."

"Ban ce laifinki ba ne."

"To in cire baƙon? In mayar wa Curtis?"

"Da me? Kina sa raga zai shige dutse. Sai kin rushe tankin duka." Ya girgiza kai. "Bar su. Ita ba ta komawa mace, shi kuma ba shi da wurin zama. An riga an gama."

Da faɗa ya yi mata da ta ji daɗi. Mutumin da ke faɗa yana da sauran abin da yake so. Ta shiga kicin ta narkar da daskararrun jatan lande a ƙaramin kofi, ta kawo, ta sa masa cokali a hannunsa mai lafiya.

"Lokacin cinsu ya yi. Ba su da kanka."

Ta ɗaga murfin, ta tallafi gwiwar hannunsa. Hannun ya tashi yana rawa. Inuwarsa na faɗawa kan ruwan, garken duka ya ɓace cikin duwatsu, har Doris. Abincin ya yi ta yawo, bututu yana zuƙe shi. Suka jira. Babu wanda ya fito.

"Rawar hannun ce ta tsorata su," in ji Glenda. "Sake gwadawa."

"Matsa can gefe," ya ce. "Can ƙarshen gilashin."

"Don me?"

"Matsa dai."

Ta matsa. Ba ta ko ɗaga hannu ba, kifayen suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka taru a gabanta suna dungurar gilashi da baki. Ta ja da baya da sauri kamar an kama ta da sata, suka bi ta.

Delbert ya ajiye cokalin a cinyarsa.

"Ba su," ya ce. "Suna jin yunwa."

"Kai fa? Miya na kan wuta."

Ya juya kansa daga tankin, ya kalli taga, inda ake hango titi.

"Da yamma direban ya ce zai dawo, ko? Kira shi ki ji ko yana kusa."