Sandar Awo a Gidan Magaji

"Fid da sandar ga daga gidan ga! Ɗana bai mutu ba!"

Muryar Inna Maimunatu ce, uwar maƙwabcina Magaji. Na yar da igiyar da nike tufka, na yi sallama na shiga. Na iske Salamatu, malamar lafiya daga Anka, tsaye tsakar gida da wata doguwar sanda mai zanen launi. Da ita suke auna tsawon mutum, su san ƙwaya nawa za su ba shi ta maganin tsargiya.

Magaji na kwance ƙarƙashin rumfa. Ciki ya kumbura kamar tulu, ƙafafu sun zama sillen kara, ga kwano an rufe da faifai kusa da kansa. Na san abin da ke ciki. Tun shekaranjiya yake aman jini.

"Inna, awo ne kawai," in ji Salamatu. "Kowa na gidan zai sha, har jikokinki."

"Mu nan gawa aka aunawa da kara a kai ma masu gina kabari. Wa at taɓa auna mai rai? Auwalu, kai da ka yi yawon duniya, gaya mata!"

Na yi yawo kam. Na kora shanu har Ikko, na zauna Sudan wajen masu noman rani, can ma na ga maza suna fitsarin jini. Rediyo na cewa masu ciwon ga a duniya miliyoyi ne. Mu kuwa da muna yara, wanda bai ga jan fitsari ba dariya muke yi mai, wai bai zama namiji ba. Magaji tun yana ɗan mitsitsi yake tsaye cikin ruwan fadama yana dashen shinkafa. Salamatu ta ce daga ƙananan dodon koɗi tsutsar ke fita ta huda fata, ta yi shekaru tana cin mutum bai sani ba.

Ban kai ga buɗe baki ba Magaji ya ce, "Baba Auwalu, kama ni."

"Kwanta, kai dai."

"Kama ni na ce. In ba ta ga an auna ni ba, ba ta bari a taɓa ɗiyana. Lubna, babbarsu, ta fara jan fitsarin. Uwarta ta gani."

Na ɗaga shi. Ba nauyi, sai cikin. Ya jingina bayansa da sandar yana haki, har da ƙoƙarin dariya. "To Inna, ga ni. Na mutu?"

Salamatu ta dubi idanunsa, ta danna cikin a hankali, ta mai da ƙwayar cikin gwangwani. Ta jawo ni gefe. "Baba, wannan ya wuce ƙwayata. Asibiti za ku kai shi, yau ɗin nan."

Da jin haka Inna ta tattara jikokinta ta tura ɗaki, ta zauna bakin ƙofa. Ba wanda ya sha komai.

Mun nemi mota, ba ta samu ba sai washegari da hantsi. Ba mu kai Anka ba. Daidai wata gada Magaji ya damƙe hannuna, jinin ya zo gaba ɗaya, na yi ta laƙƙana mai kalmar shahada har hannun ya saki.

Da anka zo auna shi da karan dawa, mutane sai kallon juna suke. Kafin sadakar uku magana ta gama tungarmu: sandar malamar asibiti ta auna Magaji, ƙasa ta karɓa.

Da Salamatu ta komo, ta kafa sandarta gindin tsamiyar masallaci. Rana ta take, ko akuya ba ta matso ba. Safara'u, matar mamacin, tana cikin takaba, ta yi min magana ta bayan zana.

"Baba, na Lubna ya ƙaru. Inna ta ce sai ta ga wanda anka auna ya kwana lafiya."

Ni tsoho ne, ga hawan jini. Kuma ba zan ɓoye muku ba, duk yawon da na yi, sai da na yi kalmar shahada kafin in doshi sandar nan. Na cire hula, na jingina. Itacen da sanyi. Salamatu ta ƙirgo ta ba ni, na haɗiye ƙwayoyin, masu ɗaci, manya kamar ƙwallon dabino.

"A ba shi kwana arba'in mu gani," in ji Inna daga zauren gidansu da ke duban masallacin.

Yanzu ko tari ya taso min, cikin hannun riga nike yin shi. Na bar hawa babur, na bar cin abin da ya kwana. Kowace safiya in na fito alwala, sai in ga kan Inna ya ɗago bisa katanga. Ba ta gaishe ni. Ta dube ni tun daga hula har silifa, ta jima, kana ta sauka a hankali.