Gangan da Ganganci

Hajiya Rachida ta fito daga ofishin lauyar ɗanta Kader ba ta fahimci komai ba sai shekara goma sha biyar. A mota ta ce da 'yarta Malika ta maimaita mata da Hausa.

Malika a nan Greensboro ta Amurka aka haife ta, Hausarta ta cikin gida ce kawai. Ta hau titin Wendover tana lalubo kalmomi.

"An kama Kader da bindiga, kuma yana da tsofaffin laifuffuka uku. In duk ukun na ta'adi da ƙarfi ne, dole alƙali ya ba shi sha biyar. Fasa gidajen nan biyu sun shiga lissafi. Saura na Rauf."

Rauf ɗan Mma ne, maƙwabciyarsu 'yar zangon Kumasi. Shekarun baya Kader yana juyi da mota a filin wani kanti, don burge abokai, ya take masa ƙafa. Har yau yana ɗingishi. A lokacin Mma ta tsaya a bakin masallaci ta ce ganganci ne. Rachida ta ce tsautsayi ne, kuma tun ranar ba su sake gaisawa ba.

"To me lauyar za ta ce?"

"Za ta ce ya yi shi da gangan. Shi ne zai taimake shi."

"Da gangan? Ɗana? Matar nan a kaso take so ta binne shi! In ya kira yau sai in ce ya sallame ta. Kin san ba ya ƙetare maganata."

"Mama, Kotun Ƙoli ce ta ce irin wannan ba ya shiga lissafi."

"Wace kotu ce za ta sassauta wa wanda ya take mutum da gangan? Ke dai Turanci ya cinye miki kunne."

Suka tsaya a danja. Rachida ta dubi Malika. Ta rage murya.

"Bar kalmar. Faɗa mini abin da ake nufi."

"Ya san zai iya ji wa wani ciwo, bai damu ba, ya ci gaba. Amma ba Rauf ya nufa ba. Bai nufi kowa ba."

"Ai wannan ba gangan ba ne, sakara. Wannan gangan—"

Sauran kalmar ta maƙale mata. Motar baya ta yi oda, Malika ta ja.

"Mama, wanne ne?"

"Ganganci."

"Ba ɗaya ba ne?"

"Ba ɗaya ba ne."

Da la'asar Kader ya kira daga kaso. Ya tambaya ko ya yarda da lauyar.

"Ka yarda. Abin da za ta faɗa gaskiya ne."

"Mama, da ai tsautsayi kike cewa."

"Haka nake cewa da."

Da ta ajiye wayar ta yafa mayafi, ta sauka daga bene ta ƙwanƙwasa ƙofar Mma. Rauf ne ya buɗe, ya jingina da bango.

"Anti," ya ce, ya matsa.

Mma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Mma, ganganci ne," in ji Rachida.

Mma ta kalle ta. Sannan ta tura mata kujera da ƙafa.

"Alƙalin ma zai ce haka?"

"Shi muke roƙo."