Gangar da Ke Bi ta Bango

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa abin da ya ga dama ya kwaso. Labaran direban tifa kuwa rikoda ya sauke a Ruwan Godiya, da sifika biyu kowace kamar akwatin amarya, da batirin mota. Ba don kansa ya saya ba. Mahaifinsa, Baba Ɗanhausa, shi ne makaɗin gangar noma na yankin, amma tun da kunnensa ya toshe ya rataye ganga, ya shige ɗaki, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Abin yana ci wa Labaran rai.

Labaran ya jingina sifikun da bangon ɗakinsa, ya sa kaset ɗin kiɗan gayya da ya ɗauko a Ketare, ya ƙure murya. Rana ta uku sai ga tsoho ya fito, ya zagaya bayan ɗakin Labaran, ya zauna ya jingina da bangon. Kullum da hantsi haka.

To amma Labaran irin mutanen nan ne da ba a iya musu. Ganga na bugawa, bango na rawa, jeren kwanonin matarsa Kyauta na ta ƙarar-ƙarar, har tasa biyu suka faɗo suka ɓantare.

"Maigida, jerena za ya ƙare," in ji Kyauta.

"Ni kau ba jerenki ad damuwata ba. Da wannan ƙarar, mi Baba za ya ji?"

Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya sa tabarma a ƙarƙashin jeren, ya sa buhu, ya sa tsumma, duk a banza. Ranar kasuwar Ƙanƙara ya kai kukansa wurin Barau mai takalmin taya. Barau ya yanko masa roba takwas masu kauri, ya ce ya ɗora kowace sifika a kan huɗu, ya kuma janye su daga bango.

Aiki ya yi kyau ƙwarai. Sauti ya fito tas, ko murfi ɗaya bai motsa ba. Labaran har da taka rawa.

Baba ya zo da hantsi, ya jingina, ya gyara zama, ya sake gyarawa. Can ya tashi ya koma ɗaki. Washegari bai fito ba, jibi ma haka. Labaran ya canza kaset, ya kai batir caji har Faskari, ya zagi Barau, ya zagi rikoda. Da ya rasa abin yi, ya je ya durƙusa gaban tsohon, yana kwatance da hannu.

Baba ya dube shi. "Akwatin naku ya mutu halan?"

Labaran ya girgiza kai.

"To ni dai na bar jin shi. Da, nan yake shigo mani." Ya kai hannu ya dafa gadon bayansa.

Kunya da tausayi suka rufe Labaran. Ya miƙe ya nufi ɗakinsa da sauri. A bakin ƙofa ya tarar da robobin nan takwas a zube. Kyauta, wadda ta ji komai daga tsakar gida, ta riga ta tura sifikun jikin bango, tana kan kujera tana sauke jerenta ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙure ta, Maigida," in ji ta.