Wankan Hajiya Fassouma

Duk macen Nijar da ta rasu a Greensboro ta ƙasar Amurka, hannun Chamsiya ne na ƙarshe da yake taɓa ta. Hajiya Fassouma ce ta koya mata wankan gawa a ɗan ɗakin bayan masallaci, kuma tun da ciwo ya kwantar da tsohuwar ta karɓi alkawari a bakinta.

"Ke za ki wanke ni, ɗiyata. Kar ki bar ni hannun baƙi."

Da hantsi labarin ya riski Chamsiya, tana bakin aiki a gidan kula da tsofaffi da ke hanyar Pleasant Garden. Sakinatou ce, autar Hajiya, ta kira tana kuka. "Anti, Mama ta rasu. Liman ya ce bayan azahar za a yi salla."

Chamsiya ta nufi ofishin Gregory, manajan gidan, ko safar roba ba ta cire ba. Gregory ba mugu ba ne, mutum ne dai da zai yi maka murmushi yana rufe maka ƙofa. A shekarar nan ma'aikata sun watse, wasu sun koma manyan asibitoci, wasu sun gwammace ɗaukar kaya a shaguna da ɗaga mutane. Ga shi masu binciken gwamnati daga Raleigh, babban birnin jihar, suna cikin gidan tun jiya, suna ƙirga ma'aikata kamar awakin da za a kai kasuwa.

Ya yi mata ta'aziyya har da dafa ƙirji, sannan ya faɗi gaskiya. In ta fita, adadin ma'aikatan da doka ta ce ya ragu, za a ci gidan tara mai nauyi. Ita kuma dole ya rubuta cewa ta gudu ta bar marasa lafiya, kuma wadda aka rubuta wa haka da wuya ta sake samun aikin jinya.

"Ki ɗan jira, na kira mai canjinki," in ji shi.

Ta tuna yaranta da suke ci daga wannan aikin, ta ce to. Ta tsani bakinta da ya faɗi kalmar.

Haka ta koma wankan masu rai. Ta juya wani tsoho da bayansa ya fara gyambo, ta canza wa wata zanen gado, ta ba wata abinci a baki, tsohuwar tana riƙe mata hannu tana kiran ta da sunan 'yarta. Duk ƙofar da aka buɗe sai ta waiga ko mai canjin ce. Ta kira abokan aiki ɗaya bayan ɗaya, kowa yana wani gidan yana cike wani gurbin. Masu binciken suka wuce ta, ɗayansu ya duba bajon ƙirjinta ya gyaɗa kai, adadi ya cika.

Azahar ta wuce ba mai canji. La'asar ta kawo jiki wayar ta sake motsi a aljihunta, ta shige ɗakin ajiye tawul ta ɗauka.

"Mun dawo, Anti. Mun jira ki har liman ya ce makabarta za ta rufe."

"Wa ya wanke ta?"

"Wasu mata biyu 'yan Fakistan daga masallaci. Wallahi sun yi ƙoƙari," in ji Sakinatou. "Sai dai kitson ne ya gagare su tsefewa. Ni ma ban iya ba. Da almakashi suka yanke."

Chamsiya ta jingina da bango. Ita ta yi wa Hajiya kitson nan ranar Lahadi, ƙanana ƙwarai, don tsohuwar ta ce tana so ya daɗe.